Kwanon da Muka Ƙi Ci

Sule Tankarkar,
8 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga aminina Nasrullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya jiki, yaya haƙurin zama? Ƙafar nan da ka ce tana kumbura, ta sace kuwa? Mu nan lafiya lau, ruwa ya zauna, an gama shuka ana noman fari. Matata Rabi tana gaishe ka, ta ce ƙuli-ƙulin da ta aiko ka riƙa ci a hankali, ba irin cin da ta san ka da shi ba.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne maganar da ka yi ranar da na zo ziyara. A gaban gandiroba ka rantse cewa duk ranar da ka fito daga gidan yarin Gumel ba gida za ka nufa ba, wurin Dogo mijin ƙanwarka za ka, ka ƙarasa abin da ka fara. Ban ba ka amsa a wurin ba saboda mutane sun yi yawa, kuma maganar ƙanwarka ba ta gaban jama'a ba ce. Amma tun da na dawo ban sami sukuni ba.

Bari in faɗa maka abin da sandarka ta jawo, tun da kai kana ciki ba ka ga ƙarshensa ba. Ka ga fuskar ƙanwarka Khairiyya a kumbure, ka hau mashin har kara, kasuwar dabbobi ta Maigatari, ranar Alhamis, ka karya wa mijinta hannu a gaban 'yan'uwansa dillalai. Na san a ranar zuciyarka ta yi sanyi. To, kai aka ɗaure. Dogo kuwa ya zama abin tausayi, ana ta zuwa masa dubiya da fura da lemo. Baffanku ya ce yanzu ku ne da laifi, ku ne da ba da haƙuri. Ya je ɗakin da Khairiyya ta yi yaji ya tasa ta a gaba ya mayar da ita gidan Dogo da kansa, ko biko bai jira an zo ba. Yanzu hannun Dogo ya warke sarai. Ni da katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, ni ne nake jin yadda ya warke.

Ka san ni ba jarumi ba ne. Mai faci ne ni, da tayoyi na saba kokawa, ragon layya ma sai na kira wani ya yanka mini ina kawar da kai. Amma ranar da aka tafi da kai ka ce ka bar mini amanar Khairiyya, na ce na karɓa. Wallahi duk sanda na ji kukanta ta bayan katanga sai in ji kamar ni ake zagi. Na yi wa Dogo magana a gefe, ya yi dariya ya ce in je in ji da tayoyina. Na je wurin mai unguwa, ya ce sha'anin mata da miji sai Allah.

Sai dabara ta zo mini, kuma ba a taɓa lafiyar kowa a cikinta. Ka san ciyayyar unguwarmu: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar Malam Ubale, dattijon unguwa, a jera kwanuka a ci tare. Ka kuma san mutumin da aka ƙi sa hannu a kwanonsa an fitar da shi daga cikin mutane ke nan, ba zagi ba duka. Na bi mutanen tabarmar nan ɗaya bayan ɗaya na roƙe su mu daina taɓa kwanon Dogo har sai ya daina taɓa matarsa. Malam Ubale ya jinjina kai ya ce wannan dai babu zunubi a ciki. Sauran ma suka yarda, ko da yake da ƙyar, don ka san hannun ƙanwarka a miyar kuka. Kwanonta ne kullum yake fara ƙarewa, Malam ma da haƙoransa suka zube gabansa yake jawo shi.

Ranar farko Dogo ya ajiye kwano, ya buɗe, ya yi bisimilla. Hannaye suka riƙa tsallake shi suna shiga na kusa. Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai yana cin abin da ke gabansa. Ni ma na sunkuyar da nawa. Ya yi 'yan lomomi shi kaɗai, ya rufe, ya ɗauka ya shige gida. Washegari ma haka. Kuma Nasrullahi, tun daga ranar ban sake jin kuka ta bayan katanga ba.

Ban ce an gama ba. Tsoro bai sake ni ba, amma na ga alama. Don girman Allah ka janye rantsuwar nan, ka ba ni lokaci zuwa fitowarka. In ka sake taɓa mutumin nan ba za ka ƙara ganin waje ba, ita kuma ba ta da wani ɗan'uwa sai kai.

Ka gaida abokan zamanka. Allah Ya kawo ƙarshen wahala.

Naka har kullum,
Sha'aibu mai faci.


Sule Tankarkar,
2 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ni dai jikina lafiya, sauran ba lafiya ba.

Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Khairiyya tana da rai, tana Gagarawa Tasha wurin Goggonku, tana ci tana sha. Na fara da wannan ne don ka iya jure abin da ke biye.

Shirun nan da na yi maka alfahari da shi a takardar baya ba shiru ba ne. Dogo ya gane cewa maƙwabta suna ji, sai ya koma jan ta zuwa ɗakin ƙurya, inda yake ajiye dusa da igiyoyin dabbobi, ya rufe ƙofa ya ƙure rediyo. Mu muna waje muna yaba wa kanmu. Bai kuma taɓa faɗa mata dalilin da ya sa kwano yake dawowa a cike ba. Ce mata ya yi girkinta ake ƙyama, ta kunyata shi a cikin maza. Kullum sai ya dire mata kwanon a gabanta ya buɗe ya ce ta duba abin kunyar da ta aika waje, daga nan sai duka.

Ita kuma ta yarda. Ina za ta san abin da muka ƙulla a kan tabarma? Ta canza daddawa, ta canza mai, ta sake wanke tukwanenta da toka. Ta yanka kazar da take kiwo. Mu a waje mun ga kwanon Dogo yana ta ƙara kyau. Yau dambu da zogale, gobe tuwon shinkafa da miyar taushe, ƙamshi har ya hana mutum jin daɗin nasa. Ka san abin da muka ce? Muka ce Dogo ne yake son ya karya mu da kwaɗayi. Muka riƙa ƙyafta wa juna ido muna dariya ƙasa-ƙasa, muna jin mu maza ne masu riƙe alkawari. Ashe yarinyar nan ce take tsaye a gaban murhu tana neman abin da zai sa mu ci, ko ta kwana ba a dake ta ba. Duk loma ɗaya da muka hana kanmu, a jikinta aka fanshe.

Ranar Alhamis da Dogo ya tafi Maigatari, ta kira Rabi ta kan katanga. Ta miƙo mata miya a ɗan kwano, ta ce don Allah ta ɗanɗana ta faɗa mata gaskiya, me ya lalace a hannunta, ko wani abu aka yi mata. Rabi ba ta san komai ba, don ban faɗa mata ba, na ɗauka maganar maza ce. Ta ɗanɗana ta ce miya ba ta da aibu. Sai ta lura Khairiyya tana juyo da gefe ɗaya in ana mata magana, ga auduga cushe a kunnen hagu, ga jini da ruwa sun ɓata mayafin.

Rabi ba ta jira na dawo gida ba. Har bakin titi ta same ni ina tsakiyar ɓare taya, ta tambaye ni me ya sa maza suka daina cin abincin gidan Dogo. Na ba ta labari, har da ɗan murmushina. Kallon da ta yi mini ban taɓa ganin irinsa ba tun da na aure ta. A gaban masu mashin ta ce da mun tambayi ko yarinyar da ke koyon tuƙa tuwo da ta faɗa mana cewa kwano ba na namiji ba ne, ɗaukowa kawai yake yi. Kwano na wadda ta sha hayaƙi ne, kuma in ya koma a cike ita aka mara. Ta ce mu gayya guda, da gemu da furfura, wa ya aika ya tambayi Khairiyya abin da take so? Babu ko ɗaya.

A ranar muka ɗauke ta zuwa asibiti a Gumel, Rabi tana riƙe da ita a bayan mashin. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, kuma an bar shi har ya yi ruwa. Ya ba da magani, amma ya ce kada mu sa rai jin zai dawo. Da muka fito mun bi ta jikin katangar gidan da kake. Ta dubi katangar ta ce kada a faɗa maka. Daga nan ta ce ba za ta koma Sule Tankarkar ba, a kai ta wurin Goggo, muka kai ta.

Na saɓa mata na faɗa maka, don gara ka ji daga bakina da ka ji a bakin masu kawo ziyara. Na san yanzu kana neman abin da za ka daka. In mutum kake nema, ga ni, ni na kawo dabarar. Na so in nuna maka akwai hanyar da ta fi sanda, sai ga shi tawa hanyar ta ci mata kunne. Ban ƙara fita ciyayya ba. Rabi takan ajiye mini tuwo a ɗaki, in buɗe in rufe.

Ban san abin da zan yi ba, Nasrullahi. Abu ɗaya na sani, ba zan sake yanke komai a kanta ba sai na ji daga bakinta. Ka yafe mini in za ka iya.

Wassalam.
Sha'aibu.


Sule Tankarkar,
21 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga ɗan'uwana Nasrullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kwanan zuciya? Ban sami amsarka ba, ban kuma yi mamaki ba. Duk da haka ina tambayar lafiyarka wurin duk wanda ya dawo daga Gumel, an ce ka rame. Ka daure ka riƙa cin abinci.

Mun je Gagarawa ni da Rabi. Na durƙusa a tsakar gidan Goggo na ba Khairiyya haƙuri, na kuma tambaye ta me take so a yi. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, ban taɓa jin maganarta ta wuce ina kwana ba, ashe bakinta a buɗe yake, ba a tambaya ne. Ta ce ba ta son a daki Dogo, ba ta son a kunyata shi, ba ta son haƙurinsa. Alƙali take so ya raba auren saboda cutarwa, a rubuce, yadda babu wani baffa da zai sake tasa ta a gaba. Ita da kanta ta je kotun Musulunci a Gumel ta shigar da ƙara.

An yi zaman farko. Dogo ya zo da babbar riga da carbi, ya ce shi bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ciwon kunne tun tana yarinya take da shi. Alƙali ya saurari Rabi, ya duba takardar likita, ya ce takarda ta nuna ciwo amma ba ta nuna wanda ya yi shi ba. Ya ce a kawo maza biyu daga maƙwabta da za su yi shaida. Ni ɗaya ke nan. Na tambayi magatakardan kotu ko za a karɓi taka, tun da kai ka ga fuskarta da idonka. Ya ce ba a karɓar shaidar wanda ke da gaba da wanda ake ƙara, kuma wanda ya karya wa mutum hannu ai ba a tambayar ko akwai gaba. Ka ji, aboki. Ranar da ka ɗaga sandar nan ka kashe bakinka, kuma yau bakin take nema.

Na dawo na bi mutanen tabarma kamar yadda na bi su a karon farko. Wallahi sai ka ce ba su ne suka yi shekaru suna jin kukan nan ba. Wannan ya ce shi barcinsa nauyi gare shi. Wancan ya ce rediyo kawai yake ji. Wani ya fito fili ya ce bijiminsa yana hannun Dogo zai sayar masa a kara, ba zai ɓata da dillalinsa ba. Na ƙarasa wurin Malam Ubale, don na san in ya tashi saura za su tashi. Ya ce Sha'aibu, ƙin cin tuwo daban, tsayawa gaban alƙali daban. Ya ce da uban Dogo suka fara shimfiɗa tabarmar nan, ba zai je da furfurarsa ya tona asirin ɗan amininsa ba. Na ce Malam, to asirin yarinyar fa, wa zai rufa? Ya kawar da kai ya ci gaba da jan carbinsa. Ban san sanda na fashe da kuka a zaurensa ba, ni da 'ya'yana, har ya ce in tashi kada yara su gani.

Baffanku ya aika wa Goggo cewa in kotu ba ta raba auren ba, a ranar Khairiyya za ta koma ɗakinta. Goggo ta tsufa, ba za ta iya tare ƙofa ba. Shekaranjiya Dogo ya zo rumfar da ke kusa da tawa ya sayi ƙaton kwaɗo, ya tsaya yana buɗe shi yana rufewa yana kallona, ya ce na ɗakin ƙurya ne, tsohon ya lalace. Khairiyya kuwa ta faɗa wa Rabi cewa in aka mayar da ita a haɗa da likkafani. Ba da kuka ta faɗa ba, shi ya fi tayar mini da hankali.

Ga kuma wata. Yaranka 'yan acaɓa na tasha, su Nura, sun ji labarin kunnen. Sun shirya za su tare Dogo a hanyar Maigatari ranar Alhamis da gorori. Da na ji, na lallaɓa inda suka jera mashinansu suna shan shayi na sace iskar tayoyin gaba ɗaya, na kuma ce duk wanda ya kawo mini ba zan busa ba sai kasuwa ta tashi. Nura ya kusa cin kwalata. Na ce masa in suka taɓa Dogo, gobe zai shiga kotu da bandeji, ya sake zama abin tausayi, a ce dangin matar 'yan ta'adda ne. Sun ƙyale na wannan makon, amma ba zan iya sace iska kowace Alhamis ba.

Ni ba sa jin maganata, taka suke ji. Ina roƙonka da girman Allah da darajar mahaifiyarku, ka aika wa Nura cewa kada wanda ya taɓa mutumin nan. Na san abin da nake roƙo ya fi ƙarfin zuciyarka. Amma shi kaɗai ne abin da za ka iya yi mata daga inda kake. An sa zama na biyu farkon wata mai kamawa, kuma har yanzu ni kaɗai ne. Ka taya mu da addu'a.

Naka cikin damuwa,
Sha'aibu.


Sule Tankarkar,
6 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga aminina Nasrullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya yi kewa. Yaya jiki, yaya ƙafa? Gero ya fitar da kai a nan, ana sa ran alheri. In ka ga rubutuna ya karkace ka yi haƙuri, ido ɗaya nake gani da shi sosai a 'yan kwanakin nan, dalili yana zuwa.

Saƙonka ya iso wurin Nura. Ya ce kalma kaɗan ce, kada a taɓa shi, in ji Nasrullahi. Ni ba ka rubuto mini ba, amma wannan ya ishe ni amsa. Allah Ya saka maka, don ba ka san abin da ka tsare ba.

Ranar kasuwar garin nan, ana saura kwana kaɗan a koma kotu, Dogo ya turo mashin ɗinsa rumfata da hantsi, kasuwa ta cika. Na duba tayoyi lafiyarsu ƙalau. Ya fara da cewa ni munafuki ne mai leƙen gidan mutane. Na ci gaba da aikina. Ya zagi Rabi. Ya zagi mahaifiyata da ke kabari, ya ambaci sunanta. Sannan ya tofa mini yawu ya kwaɗa mini mari. Nasrullahi, ƙarfen ɓare taya yana hannuna. Ka san nauyinsa. Na ga gefen kansa, na ga daidai inda zan sauke shi, kuma wallahi na so. Ni da nake maka wa'azi, a lokacin na san abin da ka ji a kara.

Sai na ga idonsa. Ba idon mai fushi ba ne, idon mai jira ne. A nan na gane abin da ya kawo shi. Ya koyi karatu a kanka: so yake in taɓa shi ko da sau ɗaya, in zama abokin gaba, shaidata ta faɗi kamar taka, Khairiyya ta rasa ko mutum ɗaya. Na jefa ƙarfen cikin bahon ruwan da nake gwada tayoyi, na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Da ya ga haka sai fushin gaske ya zo masa. Ya rufe ni da duka har na kai ƙasa. Idona ɗaya ya kumbura, haƙorana na gaba sun tafi, Rabi ta ce dama ba wani kyau suke ƙara mini ba.

Su Nura suka taso a guje daga tasha. Na ce shi ke nan, an gama. Amma ba wanda ya ɗaga hannu. Shiga suka yi tsakanina da shi, suka jeru suka juya masa baya, suka harɗe hannuwa a ƙirji. Ya riƙa dukan bayansu suna tsaye. Ina kwance ina ganin Nura, hawaye na zuba masa don baƙin ciki, amma bai juya ba. Dogo ya rasa wanda zai rama, sai hankalinsa ya gushe. Ya ɗaga murya ya ce sai ya fasa mini kunne kamar yadda ya fasa nata, kuma in ta dawo sai ya ƙarasa ɗayan. Duk kasuwa ta ji. Malam Ubale yana tsaye a rumfar mai goro, ya ji da kunnensa. Ya dube ni a ƙasa, ya juya ya tafi. Na ce a raina ko wannan ma bai isa ba ke nan.

Ranar zama na tafi Gumel ba tare da na san ko akwai na biyu ba. Dogo ya ce kada a karɓi shaidata, akwai gaba tsakaninmu, mun yi faɗa a kasuwa. Alƙali ya dubi fuskata, ya ce wa Dogo ya nuna inda ni na taɓa shi. Ya duba jikinsa ya rasa. Alƙali ya ce mutum ba ya dukan shaida don ya kore shi, in faɗi abin da na sani. Na faɗa da kumburarren baki, magatakarda yana ta cewa in maimaita. Da na gama aka ce ina na biyu. Na waiwaya ban ga kowa ba. Na ga baffanku ya fara gyara hularsa zai tashi. Khairiyya tana tsaye ta sunkuyar da kai. Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba, har na roƙi Allah Ya ɗauki raina kafin in ga an fita da ita.

Sai muka ji ƙarar mashina a waje. Nura ne ya shigo riƙe da hannun Malam Ubale, bayansu ga mutum biyu cikin mutanen tabarma, har da mai bijimin. Ashe tun da safe Malam ya aika a zo a ɗauke shi, ruwan da aka yi ne ya tsare su a hanya. Ya tsaya a kan sandarsa ya faɗi abin da ya ji a kasuwa. Alƙali bai tambaye shi ƙari ba, amma ya ƙara. Ya ce ya daɗe yana jin kukan yarinyar nan, ya san muryarta kamar yadda ya san miyarta, ya ci abincinta shekaru yana sa albarka, bai taɓa buɗe baki ya ce a bari ba. Muryarsa ta karye, aka ba shi kujera.

Alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ya kuma ja wa Dogo kunne a kan abin da ya faɗa a kasuwa. Mutane suka fara motsi, Rabi ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Khairiyya kuwa tana nan tsaye yadda take, kai a sunkuye, tana jira. Alƙali yana ta gefenta na hagu ne, ba ta ji ba. Sai da Rabi ta zagaya ta dama ta faɗa mata a kunne. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murmushi ba. Ta zauna a ƙasa a wurin, ta ce a ba ta ruwa.

Mutane suna ta yi mini barka, ni kuwa kunya nake ji. Na san rabona a cikin kunnen nan. Dogo yana nan a gidansa, katanga ɗaya da ni, muna haɗuwa a masallaci. Har yanzu in na ɗauki ƙarfen nan nakan tuna gefen kansa. Ina faɗa maka ne don ka san ba sauƙi nake kiran ka zuwa gare shi ba in ka fito.

Khairiyya ta ce a Gagarawa za ta zauna. Goggo ta ba ta rumfa a bakin tasha, za ta fara sayar wa direbobi abinci in ta gama idda. Baffanku ya ce ta dawo gidansa, ta ce ta gode. Na ce ko in shirya mata wuri kafin ka fito ta zauna tare da kai, ta ce in bar shirya mata abubuwa haka nan, na ce to.

Ta ce za ta zo maka ziyara da ƙafarta, kuma akwai maganar da take so ta faɗa maka game da ranar fitowarka. Na tambaye ta ko in rubuto maka, ta ce a'a, bakinta yana nan. Don haka ban san mece ce ba. Abin da nake roƙo kawai, in ta zo kada ka yi mata rantsuwa, kada ka yi mata alkawarin komai. Ka zauna ka ji ta har ta gama.

Rabi da yara suna gaishe ka. Su Nura suna gaishe ka. Allah Ya fito da kai lafiya, Ya riƙe mana hannuwanmu.

Naka har abada,
Sha'aibu mai faci.